Labari a Wasannin Bidiyo: Yadda Ake Auna Kamfanonin da Ke Shirya Su

Wasan bidiyo mai labari shi ne wanda mai wasa ke riƙe da jarumi tun daga farkon ƙissa har ƙarshenta, yana tafiya da shi, yana faɗa da hannunsa, wani lokaci ma yana yanke masa shawara. Kamfanonin da ke shirya irin waɗannan wasanni sun sha bamban wajen iya ba da labari. Masu sharhi kan auna su da ƙarfin halayen jarumai, da daɗin zance, da nauyin zaɓin da aka bar wa mai wasa, da kuma ko abin da hannunsa ke aikatawa ya yi daidai da abin da labarin ke faɗa. Tun 2014 bikin The Game Awards da ake yi a Amurka ke ware kyauta ta labari, daban da ta gwarzon wasan shekara. A 2015 The Witcher 3 ne ya zama gwarzo, amma kyautar labari ta tafi ga Her Story, ɗan ƙaramin wasa na Sam Barlow wanda a cikinsa ake binciken hotunan bidiyo na wata mata da 'yan sanda suka yi wa tambayoyi. Yawan kuɗin kamfani ba shi ke sayen wannan kyauta ba.

Masu riƙe linzami

Naughty Dog, da ke Santa Monica a jihar Kaliforniya, wanda Sony ya saya a 2001, shi ne jagoran masu tsara labari tamkar fim. Hanya ɗaya ce, kuma marubuci ne ya shata ta. A The Last of Us na 2013, wanda Neil Druckmann ya rubuta, Joel ya rasa 'yarsa a daren da annoba ta ɓarke. Bayan shekara 20 aka damƙa masa wata yarinya, Ellie, wadda cutar ba ta yi mata illa, domin ya kai ta wurin masu neman magani. Da suka isa asibitinsu ya gane cewa haɗa maganin zai ci ranta, sai ya karkashe mutanen wurin ya ɗauke ta, daga baya ya yi mata ƙarya kuma ya rantse a kai. Ba a tambayi mai wasa ko ya yarda ba. Da yatsunsa ake aikata abin, ko yana so ko ba ya so. A nan ƙarfin kamfanin yake, a nan kuma ake sukarsa, domin wasu na ganin cewa labarin da ba ya sauraron mai wasa ya fi dacewa da talabijin. Tashar HBO kuwa ta mai da shi shiri mai dogon zango a 2023.

Rockstar Games, wanda 'yan'uwa biyu Sam da Dan Houser suka kafa tare da abokansu a 1998, ya fi kowa suna a wajen matasan Arewa saboda GTA, musamman San Andreas na 2004 da jaruminsa CJ. Sai dai gwanintarsa ta labari a Red Dead Redemption 2 na 2018 ta fi bayyana. Labarin Arthur Morgan ne, ɗan fashi a Amurka ta 1899, a cikin gungun da ke rugujewa sannu a hankali. Tun da wuri aka aike shi karɓo bashi wurin wani manomi marar lafiya mai suna Thomas Downes. Arthur ya lakaɗa masa duka, mutumin ya yi tari, jini ya fantsamo masa a fuska. Wasan bai tsaya ya yi wani bayani ba, aka ci gaba da harkoki. Sai bayan tafiya ta yi nisa Arthur ya fara tari, ya rame, ya faɗi a kan titi, likita ya shaida masa tarin fuka ne. Mai wasa da kansa yake tuna inda aka ɗauko cutar, ya kuma tuna cewa shi ya danna maɓallin dukan. Daga nan ake ba shi damar yafe basussuka da taimakon iyalin Downes, wanda ya riga ya rasu. Wannan sashe yana cikin mafi kyawun abin da aka taɓa rubutawa a fagen, kuma wasan ne ya ɗauki kyautar labari ta 2018.

Raunin Rockstar sananne ne. Mai wasa na iya ɓarna a gari son ransa, can kuma a nuno jarumin yana magana kamar bai yi komai ba. Tun 2007 mai tsara wasanni Clint Hocking ya yi rubutu kan irin wannan saɓani tsakanin aikin hannu da maganar labari, a sharhinsa kan wasan BioShock.

Masu miƙa linzami

BioWare na birnin Edmonton a Kanada, wanda wasu likitoci suka kafa a 1995, ya yi suna da Mass Effect, kashi uku daga 2007 zuwa 2012, inda shawarar da aka yanke a kashi na farko ke bin mai wasa har na uku. Da ƙarshen ya zo kusan iri ɗaya ga kowa, masu wasa suka yi ca, har kamfanin ya fitar da ƙarin bayani kyauta a Yunin 2012.

CD Projekt Red na Warso a ƙasar Folan ya fi dabara. The Witcher 3 ya samo asali ne daga littattafan Andrzej Sapkowski, kuma makomar Ciri, yarinyar da jarumi Geralt ya rena, ba a wani babban yaƙi ake yanke ta ba. Tana rataye ne a kan ƙananan abubuwa: ko ya yi wasan jifa da dusar ƙanƙara da ita lokacin da take cikin baƙin ciki, ko ya raka ta kabarin wani da ya taimake ta, ko ya bar ta ta shiga wani taro ita kaɗai. Ba a sanar da mai wasa cewa ana lissafa masa waɗannan, sai a ƙarshe ya ga sakamakon irin riƙon da ya yi mata. A fagen zaɓi mai nauyi da wuya a sami wanda ya wuce haka, ko da yake Larian na Beljiyam ya matso kusa da Baldur's Gate 3 a 2023. Duk da haka labari mai kyau bai hana CD Projekt Red shan kunya ba a Disambar 2020, lokacin da Cyberpunk 2077 ya fito da matsaloli har Sony ya cire shi daga shagonsa na intanet na tsawon wata shida.

FromSoftware na Japan wata hanya dabam ya bi. A Dark Souls na 2011 da Elden Ring na 2022 ana watsa labarin ne a bayanan makamai da kangayen gine-gine, mai wasa ya tsinto ya haɗa. Wasu na yabawa, wasu kuma su gama wasan ba su san dalilin faɗan ba.

Afirka da ƙananan harsuna

Kiro'o Games na Yawunde a Kamaru, ƙarƙashin Olivier Madiba, ya fitar da Aurion a 2016, labarin Enzo Kori-Odan, yariman da surukinsa ya yi wa juyin mulki ranar naɗinsa da aurensa. Maliyo Games na Legas, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, ya fi karkata ga gajerun wasannin waya. Misalin da ya fi amfani ga Bahaushe shi ne Never Alone na 2014, wanda aka shirya tare da dattawan al'ummar Inupiat ta Alaska, aka ɗauko tatsuniyarsu, kuma mai ba da labarin da harshensu yake magana.

A Dutse da kewaye

A Arewa kuwa, a gidajen gem na Dutse, da na garuruwa irin su Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu, ƙwallon ƙafa ce ke mulki: PES na Konami, wanda ya koma eFootball a 2021, da FIFA na EA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023. Dalilin a fili yake. Kuɗin wasa ɗaya ake biya, mutum biyu su ɗauki hannu, wanda aka ci ya miƙa wa na bayansa, ga janareta na shan mai. Wasan labari kuwa na mutum ɗaya ne, yana cin gomman sa'o'i, kuma yana buƙatar a ajiye inda aka tsaya a dawo gobe. Red Dead Redemption 2 a faifai biyu ya zo, saukar da shi kuma sai an tanadi data kusan gigabait 100. Ga matsalar harshe: babu ko ɗaya daga cikin wasannin da aka ambata da ke da Hausa, shi ya sa yaro zai shekara yana buga GTA yana tsallake duk wurin da ake magana. Iyaye su sani cewa mafi yawan waɗannan wasanni an yi musu alamar na manya ne, saboda zubar da jini da tsiraici.

Kayan labari kuwa ba su yi wa yankin ƙaranci ba. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Dutse tun zamanin Sarki Abdullahi Burja a ƙarni na 15, ga fadar sarki a Garu tsakanin duwatsu, ga zanen shanu na mutanen da a duwatsun Birnin Kudu, ga tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da kowace kaka ta sani. Jami'ar Tarayya ta Dutse, da aka kafa a 2011, tana yaye ɗaliban kimiyyar kwamfuta, kuma manhajojin haɗa wasa irin su Godot kyauta ake saukar da su. Ɗalibin da ya iya kwamfuta ya nemi marubucin Hausa da ya iya zance, su fara da gajeren wasan waya wanda ba ya buƙatar intanet.