Cire tsohon ciko daga saiwar haƙori

Cire tsohon ciko shi ne matakin farko idan za a sake yi wa saiwar haƙori aiki, bayan aikin baya bai yi nasara ba. Yawanci ƙwayoyin cuta ne suka maƙale a lungun da ba a wanke sosai ba, sai ciwo ya dawo, dasashi ya kumbura, wani lokaci har da mugunya.

Abin da aka fi cika saiwa da shi wani danƙo ne mai suna gatafaca, daga itatuwan yankin Malesiya, wanda likitocin haƙori ke amfani da shi tun ƙarni na 19. Likita yakan ɗauki hoton haƙorin, ya buɗe shi, ya tausasa danƙon da zafi ko da man itacen turare, sannan ya kankare shi kaɗan-kaɗan da 'yan ƙarafa sirara kamar allura. A nan haƙuri yake, domin ƙarfen na iya karyewa a lanƙwasar saiwa.

A Minna, daga Bosso zuwa Chanchaga, mai ciwo yakan ce a cire haƙorin a huta. Ya fi kyau ya fara zuwa sashen haƙori na Babban Asibiti a duba, domin sau da yawa haƙorin yana cetuwa.