Na'urar Ɗumama da Sanyaya Ɗaki Mai Amfani da Gas

Wannan na'ura ta haɗa aiki biyu cikin akwati guda, kuma akan girka ta bisa rufin gini ko a gefensa. An fi amfani da ita a Amurka da Kanada. Da hunturu takan ƙona gas ta ɗumama iska, da bazara kuwa lantarki take amfani da shi wajen sanyayawa. Fanka ce ke tura iskar zuwa ɗakuna ta cikin bututu.

Kulawa

A duba matatar iska kowane wata, a sauya ta kada ta wuce wata 3, domin toshewarta kan wahalar da injin, ta ƙara kuɗin wuta. A share ganye da ƙura daga kewayen akwatin. Idan an kashe sashen sanyi, a dakata minti 5 kafin a sake kunnawa. Haka kuma, wajibi ne ƙwararren ma'aikaci ya binciki na'urar sau ɗaya a shekara, kafin shigowar sanyi.

Gargaɗi

Babban haɗarin shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, amma tana kisa. Takan kutsa ɗaki idan ƙarfen da ke raba wuta da iskar shaƙa ya tsage. Alamominta su ne ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Saboda haka ana shawartar masu gida da su sanya ƙararrawar gano ta kusa da ɗakin kwana. Wanda ya ji warin gas kada ya taɓa makunnin lantarki. Ya fitar da iyalinsa waje, sannan ya nemi agaji.