Talotalo, Kalikut, da sunan da aka karɓe wa zabo

Duk wanda ya taso daga Kaya ko Bakura zuwa kasuwar Talata Mafara zai tarar da layin masu kaji da zabi, wani lokaci har da talotalo. Ba mai tambayar daga ina kakannin talotalon suka fito. Turawa sun yi tambayar, kusan dukkansu kuma sun yi ɓatan kai.

A harshen Holan sunansa kalkoen. Kalmar ta samo asali ne daga "kazar Kalikut", wato birnin nan na gaɓar tekun Indiya da Vasco da Gama ya isa a 1498, wanda yau ake kira Kozhikode. A wancan zamani Kalikut ce matattarar masoro da sauran kayan ƙamshi, don haka duk baƙon abin da jirgin ruwa ya sauke sai a jingina mata. Alhali talotalo ɗan Meziko ne, Sifaniyawa suka ƙetaro da shi Turai a farkon ƙarni na 16. Faransawa suka ce dinde, "ta Indiya". Turkawa suka ce hindi, mutanen Fotugal peru, Misirawa kuwa zakaran Rum.

Inda abin ya shafe mu shi ne Ingila. Tun kafin zuwan talotalo, Ingilawa na kiran zabo da sunan Turkiyya, saboda ana ganin ta hannun fataken ƙasar Turkawa yake isa gare su. Da baƙon Meziko ya iso, sai aka haɗa su suna ɗaya, daga bisani ya riƙe sunan shi kaɗai. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, amma masana ma sun ruɗe: a 1758 Linnaeus ya laƙaba wa talotalo Meleagris, sunan da Girkawan dā ke kiran zabo da shi. Sau biyu ke nan ana karɓe wa tsuntsun Afirka suna.

Bahaushe bai ba talotalo gari ba. Yarabawa na ce masa tolotolo, kuma a ganina wannan kamanci alama ce ta cewa daga bakin teku ya hauro Arewa ta hannun fatake. Sunan nasa, a harsunan biyu, kwaikwayon kukan da namijin ke yi ne in ya baza wutsiya.