Tarihin Tubalin Zane a Manhajojin Zanen Gini da Injuna

Tubalin zane, wanda masu sana'ar ke kira bulok, tarin layuka ne da da'irori da rubutu da aka ɗaure wuri guda aka raɗa masa suna, domin a riƙa ɗauko shi ana dasawa duk inda ake bukata a cikin zane. Ƙofa, taga, kujera, noti, alamar makunnin wuta a taswirar lantarki, duk ana mayar da su tubali. Manhaja tana ajiye siffar sau ɗaya tak, ita ce uwa, sauran da ido ke gani a zanen wakilai ne masu nuni zuwa gare ta. Abin ya yi kama da hatimi da shaidar da yake bari a takarda, sai dai a nan idan aka sake sassaƙa hatimin, duk shaidar da aka riga aka buga tana sauyawa tare da shi.

Kafin zuwan kwamfuta, mai zane da hannu yake maimaita komai. Abin da ke rage masa wahala shi ne faranti na roba da aka huda da siffar bahon wanka ko tebur ko da'ira, yana bin gefen hudar da fensir. Amma faranti ba ya gyara. Idan mai gini ya ce a ƙara faɗin ƙofofin otal mai ɗaki ɗari biyu, sai an kankare ƙofa ɗari biyu an sake zanawa, kuma da wuya a gama ba a tsallake ɗaya ba.

Tushen tubali yana cikin Sketchpad, manhajar da Ivan Sutherland ya gabatar a 1963 a matsayin aikin digirinsa na uku a jami'ar MIT da ke Amurka, ƙarƙashin kulawar Claude Shannon. Ya gina ta a kan kwamfutar TX-2 ta ɗakin bincike na Lincoln, inda ake zane kai tsaye a fuskar allo da alƙalami mai haske. Sutherland ya raba zanen asali da wakilansa, ya kuma ba kowane wakili damar samun wurinsa da girmansa da fuskar da ya juya, alhali siffarsa tana hannun uwa. Ya nuna amfanin haka da misali mai sauƙi: ya jera siffa mai gefe shida har ta cika allo kamar saƙar zuma, sannan ya koma ga uwar ya mayar da ita rabin da'ira, nan take jeren gaba ɗaya ya koma kamar ɓawon kifi. Wakili ma yana iya shiga cikin wata uwar, tubali cikin tubali ke nan. Wannan tunani ya wuce fagen zane, domin masanin kwamfuta Alan Kay ya sha ambaton Sketchpad cikin abubuwan da suka buɗe masa ido kan tsarin rubuta manhaja mai dogaro da abubuwa. An ba Sutherland lambar yabo ta Turing a 1988.

Manyan manhajojin kamfanoni na shekarun 1970 sun ɗauki dabarar da sunaye daban-daban, kuma ƙa'idar musayar zane ta IGES da ta fito a 1980 ta tanadi wuri ga uwa da wakilanta.

AutoCAD ce ta kai tubali teburin ƙananan ofisoshi. John Walker da abokansa sun kafa Autodesk a 1982, suka fitar da manhajar a watan Disamba na shekarar a kan dala 1,000. A lokacin, tsimin wuri ne babban dalilin amfani da tubali. Faifan ajiya na kwamfutocin IBM na wancan zamani kilobait 360 yake ɗauka, tsarin DOS kuma ba ya ba manhaja fiye da kilobait 640 na ƙwaƙwalwa. Kujera mai layi hamsin da aka kwafa sau ɗari ta zama layi dubu biyar, amma idan tubali ce, layi hamsin ne da ɗan bayani guda ɗari: suna, wurin dasawa, ma'aunin girma da kusurwar juyawa. Umarnin BLOCK yana ƙirƙirar tubali, INSERT yana dasa shi, WBLOCK yana fitar da shi ya zama fayil mai zaman kansa, EXPLODE kuma yana wargaza wakili ya koma layuka.

A tsakiyar shekarun 1980 aka ba tubali damar ɗaukar bayanai, kamar lambar ƙofa, kayan da aka yi ta da shi da farashinta. Daga nan tubali ya daina zama hoto kawai, domin ana iya fitar da jerin ƙofofin gini da adadinsu daga zanen ba tare da ƙirga da yatsa ba. Fitowar AutoCAD ta 11 a 1990 ta kawo XREF, inda uwar take zaune a wani fayil dabam, ta yadda gyaran da mai tsara gini ya yi zai bayyana a zanen injiniyan lantarki da zarar ya buɗe shi. A 1999 allon DesignCenter ya sauƙaƙa leƙa cikin wani zane a jawo tubalinsa. A 2005 kuma AutoCAD 2006 ta zo da tubali mai sauyawa: ƙofa ɗaya da ake ja ta faɗaɗa, a juya ɓangaren da take buɗewa, maimakon ajiye ƙofa goma sha biyu masu kama da juna.

Sauran manhajoji suna da nasu. MicroStation na kamfanin Bentley tana da ɗakunan ajiyar irin waɗannan siffofi, SketchUp tana da rumbun intanet da jama'a ke zuba nasu, Revit kuwa, wadda Autodesk ta saya a 2002, ta kai abin matakin da ƙofa ta san bango take bukata kafin ta zauna.

Ƙirƙirar tubali aikin minti ɗaya ne, kula da shi ne ke cin ran ofis. Idan aka shigo da tubali mai suna iri ɗaya da wanda ke cikin zane, na cikin zanen ne ke rinjaye, sai sabuwar ƙofa ta fito da tsohuwar siffa ba wanda ya lura. Tubalin da aka zana da inci aka dasa a zanen milimita yakan fito ƙanƙane sau 25.4 idan ba a daidaita ma'auni ba. Wanda aka sa masa maƙalar dasawa, wato ɗigon da ake riƙe shi da shi, nesa da jikinsa yakan faɗi can bayan allo a yi ta nema. Ƙwararru kuwa suna zana tubali a shimfiɗar zane (layer) ta 0, domin ya ɗauki launi da kaurin layin duk shimfiɗar da aka dasa shi a kai, suna kuma share uwayen da ba su da wakili da umarnin PURGE don kada fayil ya kumbura. Mafi munin ɗabi'a ita ce wargaza tubali don ƙaramin gyara, saboda hakan yana yanke alaƙarsa da uwa har abada.

Sauye-sauyen da suka biyo baya a AutoCAD sun fi karkata ga nemo tubali da dasa shi: a 2019 an ƙara allon da ke nuna tubalan da aka yi amfani da su kwanan nan, a 2023 kuma manhajar ta fara ba da shawarar inda ya dace a dasa na gaba. Ginshiƙin bai motsa ba. Fayil ɗin DWG na AutoCAD har yau yana ajiye uwa a teburi guda, wakilai suna nuni zuwa gare ta, kamar yadda Sutherland ya tsara a 1963.