Yadda Aka Koyi Kwantar da Zuciya a Ɗakin Tiyata

Ko tela ya san ba a ɗinki a kan yadin da ke motsi. A ranar 6 ga Mayu, 1953, John Gibbon ya yi nasarar aikin zuciya a birnin Philadelphia na Amurka da injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu. Jini ya samu wata hanyar bi, amma zuciyar na nan tana tsalle a hannun likita. Yaya za a sa ta tsaya cik, kuma ta farka lafiya?

A 1955, Denis Melrose na asibitin Hammersmith da ke Landan ya ɗura ruwan fotasiyam mai ƙarfi cikin jijiyoyin da ke shayar da zuciya, sai ta yi laƙwas. Kafin a cika shekara biyar murna ta koma ciki, don an gano ruwan na kashe sassan tsokar. Aka jingine shi har shekarun 1970, lokacin da aka gane cewa yawansa ne ya yi ɓarna. A 1975, David Hearse da Mark Braimbridge na asibitin St Thomas suka haɗa ruwa mai sanyi da fotasiyam daidai gwargwado, ya bazu a duniya da sunan asibitin.

Sai dai fotasiyam dole yake yi wa zuciya. Yana ture wutar da ke cikin ƙwayoyin tsoka daga inda take hutawa, sodiyam da kalsiyam su riƙa silalowa ciki, tsokar tana cin ƙarfinta alhali a ido kamar barci take.

Nan magungunan beta-buloka suka shigo, waɗanda masu hawan jini da yawa ke sha kullum ba tare da sanin asalinsu ba. James Black, ɗan Scotland, shi ya samar da propranolol a shekarun 1960 don toshe wa zuciya kunne daga zugar adirinalin, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1988. Ga likitan tiyata, aibin propranolol shi ne daɗewa: awoyi yake yi a jiki, ga shi ana gama ɗinki ake son zuciya ta miƙe. Esmolol, wanda Amurka ta amince da shi a 1986, ba ya zaman dirshan. Jajayen ƙwayoyin jini ne ke farfasa shi, cikin kimanin minti 9 rabinsa ya tafi.

A shekarun 1990, Uwe Mehlhorn a birnin Cologne na Jamus ya ce ma me ya sa za a tsayar da zuciya gaba ɗaya? Ya riƙa shayar da zuciyar jini mai ɗumi gauraye da esmolol ba yankewa. Tana ɗan motsi a hankali, ta yi laushin da za a iya ɗinki, ba ta rasa iskar oksijin ba, kuma wannan ɗan motsin na taimaka mata fitar da ruwan da ke kumbura tsoka.

Abin mamakin ya sake fitowa daga St Thomas, gidan da ya ɗora fotasiyam a kan karaga. David Chambers da abokan aikinsa sun nuna a zukatan dabbobi cewa esmolol mai yawa na tsayar da bugu ɗungurungum. Da suka bi diddigi, sai suka tarar ba ta ƙofar adirinalin yake yin hakan ba, hanyoyin shigar sodiyam da kalsiyam yake toshewa, ya bar wutar tsokar kusa da inda take hutawa. Suka haɗa shi da adenosin da magniziyam suka fitar da sabon ruwa.

Likitocin tiyata ba sa saurin rabuwa da abin da ya saba fitar da su kunya, kuma ba a ga laifinsu ba. Har yau, a yawancin ɗakunan tiyatar zuciya, fotasiyam ne ke cikin ledar da ke rataye kusa da injin.