Azurfar 'Yan Boma da Magagarin Maƙeri

Sa'ad da Yaƙin Hitila ya ƙare a 1945, aka shiga sallamar sojan Afirka ta Yamma a shekarar da ta biyo, mazajen da ƙasar Sakkwato ta bayar a zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku suka yi ta komowa, waɗansu su sauka a Tambuwal, garin Muhammadu Buhari ɗan Shehu, a bisa hanyar Jega, waɗansu su ratsa zuwa Kebbe da ƙauyukanta. Jama'a ta haɗa su duka ta kira su 'yan Boma, alhali kuwa cikinsu har da waɗanda suka fara yaƙar Italiya a Habasha tun 1941, kafin a kai runduna ta 81 da ta 82 ƙasar Hindu, daga can a shiga dazuzzukan Kaladan da Arakan na ƙasar Boma. Tsarabar soja ba ta da yawa: 'yan kuɗin ƙasashen da ya ratsa, da lambobin yabo, wani lokaci da cokali ko ƙaramin kwano mai walƙiya, kowanne kuwa mai shi yana rantsuwa azurfa ce tsantsa.

Wanda bai san shari'a ba zai zaci son ado kaɗai ke sa a bincika wannan da'awa, amma mas'alar ta fi haka nauyi. Fukaha'unmu na Malikiyya, kamar yadda kowane ɗalibin Risala ya sani, sun haramta sha a ƙwaryar zinariya ko azurfa, ba su halatta wa namiji azurfa ba sai zobe da adon takobi da na Mus'hafi. Sun kuma shar'anta cewa musayar azurfa da azurfa ba ta inganta sai nauyi ya yi daidai, hannu da hannu, in ba haka ba an faɗa riba. Ga zakka, wadda nisabinta dirhami 200 ne. Saboda haka kwanon da ya tabbata azurfa ne ba shi da mazauni a gidan mai tsoron Allah, sai a kai wa maƙeran fari su narkar, a fitar wa uwargida munduwa ko awarwaro. Maƙeri kuwa, da yake shi zai yi hasara in an yi masa algus, ba ya karɓar rantsuwar kowa.

Yakan fara da kunne. Ya ɗora kuɗin a kan ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa, ko ya sake shi bisa uwar maƙera: azurfar ƙwarai tana yin amo siriri mai tsawo, wadda aka cuɗa da darma kuwa sai ta ce "tub" ta yi shiru. In shubuha ba ta gushe ba, sai ya ɗauki magagari ya yi 'yar tsaga a bayan cokalin, inda ido ba ya kaiwa, ya duba ko farin ya zarce har ciki, ko kuwa wani ƙarfe mai ɗan rawaya ya leƙo daga ƙarƙashi. A nan ne galibin cokulan ɗakin cin abincin hafsoshi ke tonuwa, domin shafe kawai aka yi musu, kuma Turawan da suka ƙera su ba su ɓoye ba, sun buga haruffan EPNS a marikin. Azurfar Ingila ta haƙiƙa, mai kashi 925 cikin 1000, hatimin zaki mai tafiya ake buga mata. Hukunci na ƙarshe na wuta ne: a zuga har abin ya yi ja, a tsoma a ruwan tsamiya ko na alif, a ga wanda zai fito fari tas.

Liyari shi ne ya fi ruɗa mutane, ni kuma shi ya fi ba ni sha'awa. Kakanninmu sun san shi tun zamanin fatauci, da hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya, da shekara 1780 a jikinsa, ga nauyi wajen giram 28, kashi 833 cikin 1000 azurfa. To, amma wannan shekara ba ta shaidar tsufa ko kaɗan, gama duk wanda aka buga bayan rasuwar sarauniyar a 1780 yana ɗauke da ita; Italiya ta buga nata a Rum tun 1935, Ingila ta buga a Landan, ta kuma buga miliyoyi a Bombai a farkon yaƙin, saboda mutanen Habasha sun fi amincewa da shi bisa kuɗin takarda. Liyarin da soja ya zo da shi, ke nan, la'alla bai kai ɗansa shekaru ba, amma azurfarsa sahihiya ce, maƙeri kuwa ita ce bukatarsa. Rupi na Hindu ya saɓa: hoton Sarki Joji na Shida bai sauya ba, amma daga 1940 aka rage azurfarsa daga kashi 917 cikin 1000 zuwa rabin nauyinsa.

Sakamakon wannan tahƙiƙi shi ne, abin da ya ci jarrabawa ya shiga wuta, abin da ya faɗi aka mayar wa mai shi ya ajiye. Shi ya sa wanda ya buɗe adakar kakansa yau a Dogon Daji ko Kuci ya fi yiwuwa ya tarar da cokalin shafe da lambobi. Lambobin ma babu azurfa a cikinsu: Tauraron Boma da na Afirka gaurayen tagulla ne, zagayayyun lambobin kuwa jan ƙarfe ne da nikel, saɓanin lambar yaƙin 1914 da aka ba mayaƙa, wadda azurfa ce da sunan mai ita a gefe. Na Yaƙin Hitila ba a buga musu suna ba, don haka mai son tabbatar da cewa na kakansa ne sai ya nemi littafin sallama, mai ɗauke da lambar sojan da bataliyarsa.