Daga Bakin Tur'a Zuwa Ɗakin Tiyata a Jazira

A ƙauyukan Jazira ta Sudan ba a buƙatar likita kafin a gane mai ciwon saifa. Ga shi saurayi, hannu da ƙafa sun rame, ciki ya yi tulu, in ka danna gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari ka ji abu tauri kamar dutsen niƙa. Yana nomansa lafiya lau, sai wata rana da asuba ya amayo jini cikin kwano. Daga nan sai neman mota zuwa asibiti a Wad Madani.

Tushen wannan ciwo yana Makwar. A nan Turawan Ingila suka datse Shuɗin Nilu, aka gama madatsar a 1925, mai tsawon kusan kilomita 3, wadda yanzu ake kira madatsar Sinnar. Ruwanta ne ya cika tur'o'i, wato magudanan ruwan da ke shayar da gonakin auduga. Mutanenmu sun riga ta zuwa: bayan yaƙin Burmi na 1903, Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa garinsa a bakin kogin nan, kudu da Sinnar. Da aikin auduga ya buɗe, maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa suka riƙa yada zango suna ƙwadago, da yawa ba su ƙara gaba ba.

Ruwa mai tafiya a hankali, ga ciyawa a gefe, shi ne gidan katantanwar da ke rainon tsutsar tsargiya. Bahaushe ya san tsargiya da fitsarin jini, amma wadda ta yi kaka-gida a Jazira ta hanji ce. Tsutsar na huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa, ƙwayayenta su bi jini su maƙale a hanta. Shekara da shekaru hanta na yin tabo a kewayen jijiyoyinta, jini ya rasa hanya ya koma baya, saifa ta kumbura, jijiyoyin ƙasan maƙogwaro su yi suntum har su fashe. Theodor Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, Symmers ya bayyana tabon hantar a 1904. A asibitin Khartum kuma, wajen 1918, Christopherson ya nuna allurar antimoni na kashe tsutsar, sai dai allura ce mai galabaitarwa, kuma ba ta gyara hantar da ta riga ta lalace.

A gida, wanzami kan yi tsaga ko lalas a kan saifar. Ba na ganin laifin iyayen da suka kai ’ya’yansu, abin da ke kusa ke nan. Amma ciwon yana can ciki, inda aska ba ta kaiwa.

Sudan ta fara horar da likitocinta a makarantar Kitchener da aka buɗe a 1924, Jami'ar Jazira ta biyo baya a 1975. Aikin tiyatar da ya fi karɓuwa a hannunsu shi ne na Hassab, likitan Masar da ya fito da shi a shekarun 1960: a buɗe ciki, a cire saifa, a ɗaure jijiyoyin da ke kewaye da saman tumbi da ƙasan maƙogwaro. Majinyatan kan jure fiɗar, domin naman hantarsu na aiki, jijiyoyin ne suka toshe. Sai dai wanda ba shi da saifa, zazzaɓin cizon sauro kan yi masa mugun kamu, ga shi Jazira gidan sauro ce.

Daga baya wuƙa ta ja da baya. Ƙwayar praziquantel ta zo, shirin lafiya na Shuɗin Nilu da aka fara a 1979 ya raba ta ƙauye-ƙauye. Likitoci suka koma zura bututu mai kyamara ta baki, su yi wa jijiyar allura ko su shaƙe ta da ɗan zoben roba. A asibitin Ibn Sina na Khartum har cibiya aka keɓe wa masu aman jini.

Abin da ke ci mini rai shi ne ’yan kambo, mazauna sansanonin leburori da ke bakin tur'a. Da yawansu ba famfo ba masai, nan za a sha, nan za a yi wanki, yaro ya sha magani yau gobe ya koma ruwan. A Disamban 2023 yaƙin basasar Sudan ya ci Wad Madani, asibitoci suka watse, kuma ko da sojoji suka karɓe garin a Janairun 2025, tur'ar na nan inda take, yara na iyo a ciki da tsakar rana.